Kwalba, gwangwani, kwali ko leda: me ya sa mazubin giya yake ta canzawa?

Tambaya: Ina karatun kimiyyar abinci, an ba mu aikin bincike a kan mazuban abin sha. Malaminmu ya ce mu leƙa masana'antar giya da ta ruwan inabi, domin a can aka fara gwada yawancin dabarun. Na ga a Turai ana zuba giyar inabi a kwali da gwangwani, ana kuma maganar rage girman kofi a mashaya, mu kuma nan ana ta rigima a kan barasar leda. Me ke sa kamfani ya zaɓi wani mazubi ya bar wani? Kuma da gaske ne girman mazubi yana da tasiri a kan mai sha?

Amsa: Ƙanena, malaminku ya yi gaskiya. Ni ba na shan giya, addinina ya haramta ta, kuma shekarun da na yi a masana'anta na yi su ne a sashen duba ingancin lemo da abin sha na malt. Amma duk wanda ya tsaya a bakin injin ɗura kwalba ya san murfin ɗaya ne, gwangwanin ɗaya ne, kiret ɗin ma ɗaya ne. Murfin ƙarfe mai haƙora da kake ɓallewa a kan kwalbar lemo, William Painter ne ya ƙirƙiro shi a Baltimore ta Amurka a 1892, kuma masu lemo da masu giya tare suka rungume shi. Saboda haka wannan ilimi ne da zai yi maka amfani ko da zoɓo kake so ka riƙa ɗurawa nan gaba.

Bari mu fara da abin da ke ɓata abin shan, domin daga nan kowane mazubi ya samo asali.

Giyar sha'ir tana da abokin gaba guda da ya fi kowa saurin yi mata illa, shi ne haske. Ana zuba mata wani fure da ake kira hops, shi ke ba ta ɗaci. Idan hasken rana ya ratsa kwalba ya taɓa sinadaran ɗacin nan, sai su farfashe su haɗu da sulfa, su haifar da wani sinadari mai wari wanda hancin mutum ke kamawa ko da ɗan mitsitsi ne. Ba a buƙatar kwanaki, a rana mai ƙarfi mintuna sun isa. Wannan shi ne dalilin da ya sa yawancin kwalaben giya ruwan ƙasa ne: gilashi mai launin ƙasa-ƙasa yana tare mafi yawan hasken da ke yin ɓarnar, kore yana tare kaɗan, fari garau kuwa kusan ba ya tare komai. Kamfanonin da suka nace wa farar kwalba domin kwalliya, wasunsu sai da suka koma amfani da ruwan hops da aka sarrafa yadda haske ba zai fasa shi ba. Gwangwani ya kashe wannan magana gaba ɗaya, don ko ɗigon haske ba ya shiga.

An fara sayar da giya a gwangwani ranar 24 ga Janairun 1935 a Richmond da ke jihar Bajiniya, giyar kamfanin Krueger ce. Gwangwanin na ƙarfe ne mai nauyi, sai da wani ɗan mabuɗi ake huda shi. Kamfanin Coors ya fito da na alminiyam a 1959, Ermal Fraze ya ƙirƙiro ɗan kunnen da ake fizgewa a farkon shekarun 1960, sannan a tsakiyar shekarun 1970 aka zo da irin wanda muke gani yau, mai danna ciki ya tsaya a jikin gwangwanin, saboda na farkon ya cika tituna da bakin teku yana yanka ƙafafun mutane. Amma abin da mutane da yawa ba su sani ba, abin shan ba ya taɓa ƙarfen. Akwai wani siririn fenti na roba da ake fesawa a cikin kowane gwangwani. Idan wannan fentin ya samu tsaga, daga nan matsala take farawa.

A nan ne giyar inabi ta bambanta. Masu yin ta suna zuba mata sinadarin sulfa domin kare ta daga iskar oksijin da ƙwayoyin cuta, ga ta kuma da tsami fiye da giyar sha'ir. Idan wannan sulfa ta ratsa fentin ta kai ga alminiyam, sai a samu iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shi ya sa giyar inabi ta gwangwani ta makara sosai kafin ta kama kasuwa, kuma har yau mai yin ta dole ya rage sulfar, ya zaɓi fenti na musamman, ya kuma yarda cewa kayansa na watanni ne, ba na ajiyar shekaru ba. Doka ma ta taka rawa. A Amurka gwamnati ce ke ƙayyade girman mazubin da za a sayar da giyar inabi a ciki, kuma sai a Disambar 2020 aka ƙara mililita 200 da 250 da 355 a jerin, wato girman gwangwanayen da masana'antu suka riga suka saba bugawa.

Babban abokin gabar giyar inabi shi ne iska. Kwalbar da aka sani mai mililita 750, da zarar an cire mata toshiya, iska ta shiga, cikin kwana biyu zuwa biyar ɗanɗanon ya juya. Ita kanta toshiyar, wadda ake yankowa daga ɓawon wata bishiya da ta fi yawa a Fotugal da Sifen, tana da nata ciwon: wani sinadari da ake kira TCA yakan maƙale a cikinta ya sa abin shan ya riƙa warin jiƙaƙƙen kwali. Wannan ne ya kai wasu manoman inabi na kwarin Clare a Ostareliya suka haɗa kai a shekarar 2000 suka koma murfin murɗawa na alminiyam, 'yan Niyu Zilan suka bi sahu a 2001. A lokacin an yi musu dariya, ana ganin murfin murɗawa na kaya masu araha ne. Yau mafi yawan giyar inabi ta waɗannan ƙasashe biyu da shi ake rufe ta.

Dabarar da ta fi burge ni a duk wannan fanni ita ce jaka a cikin kwali. Asalinta ma ba na abin sha ba ne. William Scholle ya ƙirƙiro ta a Amurka a 1955 domin safarar ruwan batir. Thomas Angove, wani mai giyar inabi a garin Renmark na kudancin Ostareliya, ya yi mata rajista a 1965 a matsayin mazubin giya, amma a lokacin sai an yanke kusurwar jakar an zuba, sannan a ɗaure. Bayan shekara biyu aka haɗa mata ɗan famfo. Hikimar tana nan: idan ka tsiyaya daga kwalba, iska ce ke maye gurbin abin da ya fita. Idan ka tsiyaya daga jaka, jakar ce ke motsewa, iska ba ta samun wurin zama. Saboda haka kwalin da aka buɗe yakan kai mako huɗu zuwa shida bai lalace ba. Sai dai akwai kishiyar wannan. Jakar roba ce, kuma komai yawan shimfiɗar da aka yi mata, iska tana ratsa roba a hankali, musamman ta wajen famfon. Kwalbar da ba a buɗe ba tana iya shekara ashirin a ɗaki mai sanyi, kwalin da ba a buɗe ba kuwa da wuya ya wuce shekara guda. Jakar kuma ba ta iya riƙe ƙarfin gas, don haka ba za ka ga giyar sha'ir ta yau da kullum ko shamfen, wato giyar inabi mai gas, a cikinta ba.

Wannan magana ta roba na sha ta a aikace. Akwai lokacin da aka dawo mana da lemon roba mota guda daga wani dila, ana cewa ya salamce, babu gas. Muka auna samfurin da muka ajiye daga rukuni ɗaya, lafiya ƙalau. Da muka je muka ga inda ya jibge kayan, a filin shago ne ƙarƙashin kwano, a watan Afrilu. Robar PET, wato irin wadda ake ɗura lemo a ciki, tana barin gas ya fita, oksijin ya shiga, kuma zafi yana ninka saurin abin. Ƙaramar roba ta fi babba saurin salamcewa, domin fatar jikinta tana da yawa idan aka gwada da abin da ke ciki. Wannan dalili ne ya sa giyar sha'ir a roba ba ta yi ƙarfi ba a yawancin ƙasashe, sai dai a filin wasa da wuraren taro inda aka hana shiga da gilashi.

Kwalin da aka saba gani da madara da ruwan 'ya'yan itace, irin na Tetra Pak wanda Ruben Rausing ya kafa a Lund ta Suwidin a 1951, shi ma ana zuba masa giyar inabi mai araha, musamman a Sifen da Italiya da Ajantina. Takarda ce da roba da siririn alminiyam a manne, yana tare haske da iska sosai, amma raba waɗannan shimfiɗu domin sake sarrafawa aiki ne da ƙasashe da yawa ba su da injinsa. A kudancin Afirka kuma akwai Chibuku, giyar dawa da masara mai kauri, wadda ake sayarwa a kwalin lita guda mai ɗan ƙaramin rami a sama, saboda tana ci gaba da tsima a ciki, idan aka rufe ta ruf kwalin zai kumbura ya fashe. Wannan darasi ne ga duk mai ɗura kunun zaƙi ko kunun aya: abin da ke da rai a cikinsa ba a rufe shi ruf sai an kashe ƙwayoyin da zafi ko an riƙe shi a sanyi.

To, idan gilashi ya fi kowa tare iska, me ya sa ake ta neman hanyar guje masa? Nauyi da wuta. Kwalbar giyar inabi wadda babu komai a ciki takan kai giram 400 zuwa 600, wasu na alfarma suna haura giram 900, alhali babu abin da nauyin ke ƙara wa abin shan sai burge mai saye. Gwangwani mai mililita 330 bai wuce giram 13 zuwa 15 ba. Narkar da gilashi yana buƙatar zafin da ya kai kimanin digiri 1,500, tanderun kuma ba a kashe shi dare da rana. Kwali mai lita 3 yana ɗauke da abin da kwalba huɗu ke ɗauka, ga shi mai kusurwa huɗu, yana jeruwa a mota ba tare da ɓata wuri ba. A Suwidin, inda shagunan gwamnati na Systembolaget ne kaɗai ke sayar da giya mai ƙarfi, kusan rabin giyar inabin da ake saye a kwali take.

Amma kada ka rubuta a aikinka cewa gilashi ne mugu, gwangwani ne gwani. Ya danganta da ko kwalbar tana komawa. Alminiyam sabo yana cin lantarki mai yawan gaske wajen haƙo shi da tace shi, sai idan an sake narkar da tsoho ne ake tsimin kusan kashi 95 cikin 100 na wutar. Kwalbar da ake wankewa a sake ɗurawa kuwa, a Jamus takan yi zagaye har kusan sau 50 kafin a fasa ta. Can mai saye yana ajiye santi 8 na kuɗin Yuro a kan kwalbar giya mai komawa, santi 25 a kan gwangwani da robar da ba a sake ɗurawa, tsarin da aka kafa wa mazuban yarwa tun 2003. Mu nan mun daɗe da irin wannan ba tare da wata doka ba: mai shago ba ya ba ka lemon kwalba ka tafi da shi sai ka kawo fanko ko ka ajiye kuɗin kwalba. A ganina wannan tsari na kiret da fanko ya fi duk sababbin dabarun nan dacewa da ƙasarmu, kuma abin baƙin ciki ne yadda roba ke ture shi, ga magudanan ruwanmu nan sun cika. Mazubin da ya fi kowa ƙarancin shara shi ne duron ƙarfe mai lita 20 ko 30 ko 50 da ake haɗawa da famfo a mashaya, wanda ke shekaru yana kai da komo. A Kenya kamfanin East African Breweries ya fito da giyar Senator Keg a 2004 a irin wannan duro, da nufin jawo masu ƙaramin ƙarfi daga haɗe-haɗen gida da ke makantar da mutane yana kashe su.

Yanzu ga rabi na biyu na tambayarka, kuma shi ne wanda ya fi damuna. Ƙwarai kuwa, girman mazubi yana da tasiri, kuma ba ƙarami ba.

Mutum ba ya ƙirga mililita, yana ƙirga "guda nawa na sha". Wannan haka yake ko lemo ne ko shayi ko fura. Amma dubi lissafin. Gwangwani mai mililita 330 na giya mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 yana ɗauke da mililita 16.5 na tsantsar barasa, kimanin giram 13. Babbar kwalbar da aka saba da ita a Najeriya, mai mililita 600, tana ɗauke da mililita 30, kusan ninki biyu. Dukansu mai sha zai ce "ɗaya na sha". A Ingila kofin da suke kira fayint mililita 568 ne, na Amurka mai suna ɗaya 473. A Kolon ta Jamus ana ba da giya a siririn kofi mai mililita 200, a bikin giya na Oktoba a birnin Munik kuwa kofin lita guda ne cur. Kwalbar giyar inabi mai ƙarfin kashi 13 tana da kusan mililita 98 na barasa, kuma babban kofin mashayar Ingila, mai mililita 250, sulusin kwalbar ne. Wanda ya sha uku ya shanye kwalba, shi kuma a ransa kofi uku kawai ya sha.

Masu bincike a Jami'ar Kambirij, ƙarƙashin Farfesa Theresa Marteau, sun daɗe suna bin wannan. A 2017 sun auna tsofaffin kofunan giyar inabi na Ingila suka ga matsakaicin girmansu ya tashi daga mililita 66 a wajajen 1700 zuwa 449 a zamaninmu. A 2024 suka wallafa gwaje-gwaje biyu da aka yi a mashayu na gaske. A na farko, mashayu 21 suka cire babban kofin giyar inabi na ɗan lokaci, yawan abin da aka sayar ya ragu da kusan kashi 8 cikin 100. A na biyu, mashayu 13 suka ajiye fayint suka koma kofi mai kashi biyu bisa uku nasa, giyar sha'ir da aka sayar ta ragu da kusan kashi 10. Mutane ba su rama da ƙarin kofuna yadda za su cike giɓin ba. A Ingila da Wales doka tun 2010 ta wajabta wa mashaya ta tanadi ƙaramin awo, kamar mililita 125 na giyar inabi da rabin fayint, daga 2011 kuma aka halatta awon kashi biyu bisa uku.

Kwalin lita 3 da na yaba ɗazu, a nan yake da aibi. Kwalba tana nuna maka inda ruwa ya tsaya, kuma ƙarewarta wata alama ce ta a dakata. Kwali ba ya nuna komai, famfo ne kawai a cikin firji. Masana lafiya a ƙasashen arewacin Turai sun daɗe suna nuna damuwa a kan haka.

Kada wannan ya sa ka ɗauka cewa ƙaramin mazubi kullum alheri ne, domin a nan ne labarinmu ya sha bamban da na Turai. Can ana rage kofi ga baligin da ya riga ya shiga mashaya da kuɗinsa. Nan leda tana rage farashin shiga ne. Ɗauki leda mai mililita 30 ta barasa mai ƙarfin kashi 40: mililita 12 ke nan na tsantsar barasa, ya kusa abin da ke cikin gwangwanin giya guda. Leda uku sun haura babbar kwalba. Ga ta da arahar da kuɗin tara na ɗan makaranta zai saya, tana shiga aljihun riga ba a gani, ba ta ƙara, ba ta buƙatar mabuɗi ko firji, ana tsotse ta cikin daƙiƙa kaɗan a jefar. Babbar kwalba tana da nauyi, tana da tsada, ana ganinta, sai an zauna an sha. Duk waɗannan shingaye ne, leda kuma ta rushe su baki ɗaya. Shi ya sa ake samunta a tashoshin mota, a tiren masu talla kusa da alewa da biskit, a hannun direba da ɗan acaɓa da za su ɗauki rayukan mutane. Na taɓa tsayawa a wata tasha da sassafe na ga yaron mota, wanda bai fi shekara goma sha biyar ba, ya tsotse biyu kafin a gama lodi. Har yau abin yana raina.

Ƙasashen Afirka da dama sun riga sun ɗauki mataki. Kwaddibuwa ta hana barasar leda a 2016, Tanzaniya a Maris na 2017, Yuganda a 2019. A Najeriya, a Disambar 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da NAFDAC da ƙungiyoyin masu masana'antar suka sa hannu a yarjejeniyar daina yin barasa a leda da ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200, aka ba da wa'adin shekara biyar wanda ya cika ranar 31 ga Janairun 2024. Da shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta fara aiwatarwa, masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi zanga-zanga suna cewa ayyuka za su salwanta, Majalisar Wakilai ta sa baki, aka yi ta jan ƙafa. Hujjar da masu adawa suka fi riƙewa ita ce, idan aka hana leda mutane za su koma ogogoro da haɗin da ba a san abin da ke ciki ba. Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya ga wanda ya riga ya kamu, kuma dole hukuma ta sa ido a kan haɗin gida. Amma ba ta amsa batun yaron da ledar ce ta fara koya masa ba, wanda da ba zai taɓa shiga gidan giya ya nemi kwalba ba.

Idan za ka tsara aikin naka, ina ba ka shawara ka ɗauki mazubi biyar da ke kasuwar garinku, na lemo ko malt ma sun wadatar: kwalba mai komawa, gwangwani, ƙaramar roba, babbar roba, da kwali. Ka auna nauyin kowanne babu komai a ciki, ka raba da yawan abin da yake ɗauka, ka fitar da giram nawa na mazubi ke rakiyar kowace lita. Ka ajiye rukuni ɗaya a inuwa, ɗaya a rana, na mako shida, kana gwada gas da launi da ɗanɗano duk mako. Sannan ka fitar da farashin kowace lita, za ka ga ƙaramin mazubi ya fi tsada a lita duk da ya fi araha a hannu. Wannan lissafin na ƙarshe ka sa shi a babin da za ka yi magana a kan leda.